Tesla ko wata daban? Shawarwari ga mai shirin sayen motar lantarki

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Na ƙudurta cewa motar da zan saya nan gaba ta lantarki ce, kuma tun da daɗewa Tesla ce a raina, musamman Model Y saboda iyali. To amma kwanan nan ko'ina na leƙa sai in ji ana zancen BYD da Hyundai da Kia, har da Xiaomi masu wayar hannu. Don Allah waɗanda suka san harkar, har yanzu Tesla ce a gaba, ko suna ne kawai ya rage mata? Mu biyar ne a gida, kuma nakan yi doguwar tafiya jefi-jefi.

Injiniya: Wa alaikumus salam Baban Amira. Kafin a kai ga wace ce a gaba, ya kamata ka san abin da Tesla ke da shi a hannu yanzu, don mutane da yawa na ɗauka motocinta suna da yawa. Ta fara da Roadster a 2008, ƙaramar mota mai kujera biyu da aka ɗora a kan ƙirar wata mota mai suna Lotus Elise. Model S ta zo a 2012, ita ce ta sa duniya ta yarda motar batir za ta iya dogon zango. Sai Model X a 2015 mai ƙofofin baya da ke buɗewa sama, Model 3 a 2017, Model Y a 2020, sannan Cybertruck a ƙarshen 2023. A lissafi kamar da yawa. Amma a 2024, cikin motoci kusan miliyan 1.79 da ta miƙa wa masu saye, kimanin kashi 95 cikin ɗari Model 3 ne da Model Y. A Janairun 2026 kuma Elon Musk ya sanar cewa za a daina ƙera S da X. Ka ga ke nan kamfanin a kan mota biyu yake tsaye, kuma su biyun ma kusan uwa ɗaya uba ɗaya ne, kayan cikinsu da dama iri ɗaya ne. Abin da suke yi shi ne sabunta su: an yi wa Model 3 kwaskwarima a 2023, Model Y a farkon 2025.

Abu Fatima: Injiniya, gaskiya ka faɗa, amma kada a rage wa motar haƙƙinta. Model Y ɗin nan ita ce motar da aka fi saya a duniya baki ɗaya a 2023, har da masu shan fetur a lissafin, sama da miliyan 1.2. Ba a kai wannan matsayi da suna kaɗai. Ni Model 3 nake hawa, kuma abin da ya riƙe ni wurin caji ne. Tun 2012 suka fara kafa tashoshinsu na caji mai sauri da suke kira Supercharger. Ka sa inda za ka a taswira, motar da kanta za ta tsara maka inda za ka tsaya da tsawon mintunan da za ka yi, ta kuma ɗumama batir kafin ka isa don cajin ya yi sauri. Ka iso ka soka waya, shi ke nan, babu neman kati ko buɗe wata manhaja. Ga mai doguwar tafiya irin Baban Amira wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan tana da tattalin wuta, batir madaidaici yana kai ta nesa.

Injiniya: Haka ne Abu Fatima, sai dai wannan fifikon ya fara raguwa, kuma Tesla ce da kanta ta buɗe ƙofar. A 2023 Ford ta amince da amfani da irin bakin cajin Tesla a Arewacin Amurka, General Motors ta biyo baya, sauran kamfanoni suka bi sahu. A Turai kuwa dama Model 3 da Y da bakin cajin da ake kira CCS2 suke zuwa kamar kowa, kuma an buɗe tashoshinta da yawa ga motocin wasu kamfanoni. Wato a wurare da dama za ka iya sayen Kia ka yi caji a tashar Tesla.

Maman Sadiq: Sallama gare ku. Ni ta ɓangaren zama a cikin motar zan yi magana, tunda an ce akwai yara. Baban Amira, kada ka saya sai ka zauna a ciki tukuna, kai da maiɗakinka. Tsarin Tesla shi ne kusan komai yana kan allo guda a tsakiya: gudun da kake yi, madubi, na'urar sanyaya mota, har buɗe ɗan akwatin gaban fasinja. Wasu suna jin daɗin haka, wasu kuma ba sa sabawa. Lokacin da aka sabunta Model 3 a 2023 har sandar sigina suka cire, suka mayar da ita maɓalli a jikin sitiyari, mutane suka yi ta ƙorafi musamman a shataletale, inda sitiyarin ke juye. Da suka zo sabunta Model Y sai suka bar sandar. Mu Ioniq 5 ta Hyundai muka ɗauka. Ƙasan cikinta shimfiɗe yake, kujerun baya suna matsawa gaba da baya, akwai maɓallai na hannu, kuma za ka iya jona kayan wuta a jikinta ta ba ka lantarki har kilowat 3.6. In ka samu caja mai ƙarfi sosai, daga kashi 10 zuwa 80 kimanin minti 18 take ɗauka, saboda tsarin batirinta na bolt 800 ne. In kuma kana ganin iyalin za su ƙaru, in sha Allah, ka duba Kia EV9 mai layin kujeru uku.

Baban Amira: Amin Hajiya, na gode ƙwarai. Wannan zancen sigina ban taɓa jin sa ba. BYD fa? Ita ce na fi jin sunanta, amma gabana na ɗan faɗuwa da motar Chaina.

Malam Mai Nazari: Baban Amira, wannan faɗuwar gaban ta zamanin da ce. BYD ba jiya ta fara ba. Wang Chuanfu ya kafa ta a Shenzhen a 1995 tana ƙera batir, daga baya ta shiga mota. A 2008 kamfanin attajirin Amurka Warren Buffett ya zuba kuɗi a cikinta. A 2022 ta daina ƙera mota mai fetur zalla. Ƙarfinta shi ne ita ke yin batirinta da yawancin kayanta, don haka tana iya sauke farashi inda wasu ba za su iya ba. A watanni ukun ƙarshe na 2023 ta fara wuce Tesla a yawan motoci masu batir zalla, a 2024 Tesla ta sha da ƙyar, a 2025 kuma BYD ta wuce ta a shekara guda cur: sama da miliyan 2.2, Tesla kuwa kimanin miliyan 1.64.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne faɗin zaɓi. Akwai Seagull ƙarama ta cikin gari, wadda ta fito a Chaina a 2023 a ƙasa da yuwan 80,000, akwai Dolphin, akwai Atto 3, akwai Seal da ke gogayya da Model 3, akwai Sealion 7 da ke gogayya da Model Y. Kowane aljihu da tasa. Nan ne nake ganin Tesla ta yi sake. An daɗe ana jiran ƙaramar motarta ta dala 25,000, ba ta fito ba. Abin da ya fito a Oktoban 2025 shi ne Model 3 da Model Y da aka rage wa kaya, aka sa musu suna Standard, a kan dala 36,990 da 39,990 a Amurka, kwanaki kaɗan bayan gwamnatin ƙasar ta janye rangwamen harajin dala 7,500 da take ba masu saye. Wanda ke neman mota mai araha da gaske, wannan ba ta share masa hawaye ba.

Abu Fatima: Malam, amma a faɗa masa cewa ba ko'ina ake samun BYD ba. Amurka ta ɗora wa motocin lantarkin Chaina harajin kashi 100 a 2024, don haka kusan babu su a kasuwar can. Tarayyar Turai ma ta ƙara nata a Oktoban shekarar, BYD kashi 17 a kan kashi 10 na asali, kamfanin SAIC masu motocin MG sama da kashi 35. Har Tesla da ake ƙerawa a Shanghai ba ta tsira ba, an sa mata kashi 7.8. Saboda haka amsar ta danganta da ƙasar da mutum yake.

Malam Mai Nazari: Wannan haka yake, na yarda. Shi ya sa ma BYD ta tafi gina masana'anta a Hungary.

Autan Zaure: Yayyena, ku gafarce ni in sa baki. Ni Cybertruck ce ke burge ni wallahi. Kuma ai an ce Tesla tana tuƙa kanta, wannan bai isa ya sa a zaɓe ta ba?

Injiniya: Auta, Cybertruck akwai fasaha a jikinta, jikin ƙarfe ne da ba ya tsatsa, kuma sitiyarinta ba shi da sandar da ta haɗa shi da tayoyi, da waya yake aika umarni. Amma ba motar Baban Amira ba ce. Tana da girma da nauyi da tsada, ba a sayar da ita a Tarayyar Turai, cinikinta bai kai abin da aka yi hasashe ba, kuma a Maris na 2025 an janye kusan 46,000 don gyara wani ɓangaren jiki da ke iya ɓallewa.

Maganar tuƙa kai kuwa ina so kowa ya ji ni da kyau, don rai ake magana. Abin da suke sayarwa da sunan Full Self-Driving, wato cikakken tuƙa kai, su da kansu sun liƙa masa kalmar da ke nufin sai da sa ido. Direba ne ke da alhakin motar a kowane lokaci, idonsa a kan hanya. Tasi marar direba da suka fara gwadawa a birnin Austin na Amurka a Yunin 2025 wani abu ne daban, ba ita ce motar da za a ba ka makullinta ba. Kuma ba kowace ƙasa ce ta amince da tsarin ba. Shawarata, kada mutum ya biya kuɗin yau saboda alƙawarin gobe. Sabuwar Roadster tun 2017 aka nuna ta, mutane suka ba da kafin alƙalami, shekaru suka yi ta wucewa ana jira.

Maman Sadiq: Allah ya saka da alheri Injiniya. Wannan ya kamata a riƙa maimaita wa matasa.

Alhaji Babba: Ina ta karanta ku, kowa ya yi ƙoƙari. Abu ɗaya ne ban ji an taɓo ba, wato ranar sayarwa. A Janairun 2023 Tesla ta zaftare farashin sababbin motocinta, wasu har kusan kashi 20. Duk wanda ya saya kafin nan, darajar motarsa ta faɗi dare ɗaya. Kamfanin haya na Hertz ma a farkon 2024 ya sanar zai sayar da motocin lantarki 20,000 daga cikin nasa. Gasar nan da kuke magana a kai tana yi wa mai saye daɗi, amma tana cin wanda ya riga ya saya. Don haka ni a ganina, ɗana, in ba dole sai sabuwa ba, ka nemi ta hannu mai shekara biyu ko uku. Wani ya riga ya ɗauke maka asarar farko. Ka tabbata dai garantin batir bai ƙare ba. Na Tesla shekara 8 ne, da iyakar kilomita da ta danganta da samfurin, kuma sun lamunce batirin ba zai gaza kashi 70 na ƙarfinsa ba a tsawon lokacin. Sannan ka tambayi inda za a gyara ta da inda kayan gyara za su fito kafin ka biya, ko wace iri ce. Mota mai kyau da babu mai taɓa ta a kusa da kai wahala ce.

Injiniya: Alhaji ya kawo magana mai nauyi. In ƙara a kan ta hannu: ka tambayi irin batirin. Akwai LFP, wanda BYD ke amfani da shi a batirinta na Blade, kuma yana cikin Model 3 da Y masu ƙaramin zango da yawa. Yana da juriya, ana iya cika shi kashi 100 ba fargaba, sai dai zangonsa bai kai na mai sinadarin nikel ba kuma sanyi mai tsanani yana rage masa kuzari. Ɗayan mai sinadarin nikel ya fi nisa, amma an fi so a tsayar da shi wajen kashi 80 a zirga-zirgar yau da kullum. Sai bakin caji: motar da aka ƙera don kasuwar Chaina da GB/T take zuwa, ta Turai CCS2, ta Amurka kuma nata daban. Kada a kawo maka wadda bakinta bai dace da tashoshin da ke kusa da kai ba.

Malam Mai Nazari: Tunda Baban Amira ya ambaci Xiaomi, motarsu SU7 ta fito a Maris 2024, YU7 mai gogayya da Model Y a Yunin 2025, kuma sun samu karɓuwa sosai a Chaina. Amma a can ake sayar da su, don haka ka ajiye su gefe tukuna. In kana inda motocin Turai suke, ka haɗa da Volkswagen ID.4 da Skoda Enyaq a waɗanda za ka gwada, su ma na iyali ne.

Baban Amira: Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Ga abin da na tsayar: zan je da iyalina mu gwada Model Y da Ioniq 5 da Sealion 7, gani ya kori ji, kuma zan duba na hannu kamar yadda Alhaji ya ce. Tambaya ta ƙarshe Injiniya, cajin gida fa? Soket ɗin bango ya isa?

Injiniya: Zai yi caji, amma a hankali ƙwarai, wajen kilowat 2 ne, batir mai kilowat-awa 60 zai haura awa 24 kafin ya cika daga ƙasa. Ka sa a kafa maka cajar bango mai kilowat 7, wannan cikin awa 8 zuwa 9 za ta cika shi, ka jona da dare ka tashi da safe a shirye. In gidanka na da layin wuta uku, mai kilowat 11 ta fi sauri. Ka samu ƙwararren mai aikin wuta ya duba wayoyin gidan tukuna, ya ja mata layinta daban da abin katse wuta nata.