Suna Linzami, To Wa Ya Ja Shi?

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum. Cikin kwana tara makara ta fita sau uku daga layinmu. Jiya bayan isha'i na zauna ina juya sunayensu a raina, sai na ga abin da ya hana ni barci. Mai amsa ya amsa da waƙa, yadda muka saba.

Da sunan Allah nika farawa,
Shi ka rayawa, Shi ka kashewa.

Mabera mun sha rashi a jere,
Uku a kwana tara, ba hutawa.

Na fari Yahaya mai facin taya,
Da hantsi yak kwanta, ba farkawa.

Ku tambayi wanda yas san Larabci,
"Shina raye" aka fassarawa.

Na biyu Halidu, "mai dawwama" ne,
Shekara 20 bai kai cikawa.

Ta uku A'isha, "mai rayuwa" ce,
Daren Jumu'a taz zam mai wucewa.

Sunan rai, sunan rai, sunan rai,
Ukunsu ƙasa guda ka rufewa.

An ce da mu suna linzami ne,
To wa yaj ja shi zuwa kushewa?

Shin saƙo ne anka aiko muna,
Ko dai idona ne ka ruɗewa?

Taubashi na Runjin Sambo:
Allah shi jiƙansu, shi ba mu haƙuri. Amma taubashi, ba ni ƙyale ka ko da kan tabarmar makoki kake. Na sauya amsa-amo.

Ƙidayarka ƙidayar son rai ce,
Ka ɗau uku, ba ka ɗau saura ba.

Wancan wata munka binne Tanko,
Ban ji ka ce mata sunka ja shi ba.

Ladi ta cika ranar Talata,
Ba ka tashe mu da waƙa ba.

Shiga Tsohuwar Kasuwa ka ce "A'i!"
Ka ga ko goma ba su waigo ba.

Ka ce "Bello!" a bakin Hubbare,
Ka ga ko rabin layi bai amsa ba.

Sunan da yac cika kowane zaure,
Ganinai a makara bai zam mamaki ba.

Maikuɗin unguwarmu da bashi yat tafi,
Ko na likkafani ba a samu ba.

In dai suna da baya shika aiki,
Ku kira ni Matsiyaci, ni ban ƙi ba.

Kaka ta Ƙofar Marke:
Jikata ta karanta mani, ita ka rubuta wagga. Kai na Runjin Sambo, rage haƙora. Ɗana na Mabera, matso ka ji.

Ku yara kun san suna a takarda,
Mu mun san shi tun ranar raɗa shi.

Uwata ta binne huɗu a jere,
Kowane kafin yaye an rufe shi.

Na biyar da yaz zo, tsohuwa tad ɗauka,
Bisa juji taj je ta aje shi.

Tac ce mutuwa ba ta son shara,
Abin da anka yar, mi za ta yi da shi?

Anka ɗauko shi anka yi mai wanka,
Ajuji, sunan da yab bi shi.

Wata Barmani, wani ko Barau,
Roƙo ne, ba don an ƙi shi.

Ko gidan sarauta sun san wanga,
Maccido, "bawa" Fulani ka nufi da shi.

Sarkin Musulmi, ɗan Abubakar,
Shekara 78 Allah yab ba shi.

A 2006 jirgi yaf faɗi,
Can Abuja ajali yas same shi.

Ajujinmu kau bara yak koma,
Da furfura, jikoki sun kewaye shi.

Mun yi ma mutuwa wayo da suna,
Ta yi zamanta, ta zo ta ɗauke shi.

Ban ce sunan ne yat tsare shi ba,
Ban kuma ce banza anka sa shi.

Malam na Gidan Igwai:
Hajiya, Allah shi ƙara lafiya. Zancen juji mun bar ma zamaninsa, amma zafin zuciyar uwar da ta binne huɗu ba mai raina shi. Ɗan Mabera, abu biyu ka haɗa a ƙwarya ɗaya, bari in raba maka.

Akwai fa'ali, akwai kuma camfi,
Tsakaninsu akwai babban sarari.

Fa'ali ka ji kalma mai daɗi,
Ka kyautata zato, ka sa ran alheri.

Ran Hudaibiyya da anka ga Suhailu,
Annabi yai ma sahabbai albishiri.

Sunanai sauƙi, yac ce lamarinku
Ya sauƙaƙa, haka yaz zo a labari.

Ya sauya Barra ta koma Zainabu,
Sunan yabon kai bai bari shi yi wuri.

Yac ce ma Haznu (tsanani), "Kai ne Sahlu (sauƙi),"
Yaƙ ƙi, yar riƙe nashi da tauri.

Jikanai Sa'idu ɗan Musayyibu
Yac ce tsanani bai bar su ba a jeri.

To suna ba banza ne ba, na yarda,
Don haka aka zaɓo shi da nazari.

Amma ka ɗau sunan wanda yac cika
Ka mai da shi makullin asiri,

Ka ce wanga layi an yi mai nuni,
Nan ne camfi ka buɗe ƙofar sharri.

Duba Suratu Maryam aya ta 7,
Allah yar raɗa ma Yahaya tun fari.

Sauka aya ta 15 ka karanta,
Ga ranar mutuwatai a cikin tsari.

Halidu ɗan Walidu, Takobin Allah,
Bisa shimfiɗa yac cika, ba a hatsari.

Ina kuma jin ana ta aiko maka da lissafin haruffa, wai a tara na Yahaya da na Halidu a ga abin da zai fito. Hisabin abajada gaskiya ne a matsayin lissafi: Muhammadu 92 ne, mimi 40, ha 8, mimi 40, dali 4. Malamanmu na jihadi da shi suke ɗaure shekarar da suka gama waƙa, shi ne ramzi, harafin shinun na tsaya wa dubu. Ajiyar tarihi ce, ba duba ba. Nana Asma'u ma ta rasa aminiyarta mai suna A'isha, marsiyya ta yi mata, hawaye da addu'a.

Baba mai haƙa:
Ni ban yi karatun Malam ba. Yarona ya taya ni jera wagga. Na fi shekara 30 da diga a hannu.

Ni ba a aiko man da suna,
Abin da aka aiko man shi ne kara.

Tsawon mutum a jikin karan dawa,
Da shi nika aunawa in fara.

Ƙasar bazara ta fi dutse tauri,
Sai an zuba mata ruwa a jira.

In sun iso ba mai cewa ga wane,
"Ku kama gawa, ku janye makara."

Liman ma can tambaya tai guda ce,
"Namiji ko mace?" sai kabbara.

Mu jera itace mu liƙe da laka,
Mu tura ƙasa, mu yayyafa, mu gyara.

Suna ku ka maida shi cikin gari,
Ni nan ba ni da wanda nika kira.

Ɗan Mabera:
Na ji ku duka, Allah shi saka. Akwai abin da ban faɗa ba.

Taubashi ya san abin da nib ɓoye,
Yai ta ba'a, yab bar ni da rufewa.

A'ishar nan da nis sa ta uku,
Ita tag goye ni har yayewa.

Shekara 34 ina ce mata Inna,
Sunanta bakina bai san furtawa.

Sai ran da anka miƙo man takarda,
"Sunan mamaciya," nan aka cikewa.

Biro a hannu, hannu na rawa,
Malamar jinya na ta dubawa.

Nir rubuta shi harafi-harafi,
Nig ga "mai rayuwa" tana kwantawa.

Shi yas sa nij jawo Yahaya da Halidu,
Nata shi kaɗai ban iya ɗaukawa.

Yanzu ga maiɗakina ta shiga watanta,
Yau ko gobe muna saurarawa.

In mace ce, in maida sunan Inna?
Ina so, amma gabana na faɗuwa.

Malam na Gidan Igwai:
Allah shi gafarta mata, shi sa ta huta. Maida shi, ɗana. Sunan Uwar Muminai ne.

Kaka ta Ƙofar Marke:
Ashe maraici ne ka magana tun ɗazu. Da ka faɗi tun farko da ban tsaya ba ka labarin juji ba.

Maida shi ɗana, kar ka ji tsoro,
Liman shi raɗa, kai dai ka ji shi.

Ka ce mata Ummi, ko ka ce Mama,
Bakinka ba sai ya furta shi.

Ran suna ka aiko a ɗauke ni,
Kunun kanwa ni ka dama shi.

Taubashi na Runjin Sambo:
Gwaggo ta yafe mani, na kai sunanta kasuwa don in ga haƙoranka, ban kuwa gan su ba.

Ragon suna na wuyana taubashi,
Gobe ina Kara, ban fasa ba.

In ko namiji yaz zo, ka sa nawa,
Ban da Matsiyacin, wannan ban yarda ba.