Darasin dabbobi marasa ƙashin baya: mi za ni gwada ma yarinya?

Uwar ƴan biyu, Zariya: Salamu alaikum ƴan zaure, ina wuninku. Ɗiyata ta zo da kaye na SVT (darasin kimiyyar rayuwa da ƙasa), wai dabbobi marasa ƙashin baya, akwai eponj (soson teku) da medus (wata dabbar teku) da tsutsotsi iri uku, ta hardace tsaf amma in na ce mine ne medus sai ta tsaya kallona. Mu da ba mu da teku ƙaƙa za ni yi? Ku ba ni shawara don Allah.

Mushen SVT: Wa alaikumus salam Hajiya. Bar teku tukuna, fara da tana. In anka yi ruwa a tona gindin icce mai laima, a samu kwalba a zuba rairayi da baƙar ƙasa hawa-hawa, busassun ganye bisa, a yayyafa ruwa a lulluɓe da baƙin ƙyalle kwana 7, za ta gani da idonta yadda tana ke cuɗa ƙasa. Ta dubi jikin da kyau, zobe-zobe ne a jere, shi ya sa ita da matsattsaku gidansu guda. Ba ta da huhu, ta fata take numfashi, fatar na bushewa shi ke nan.

Ɗan Tibiri: Mushe ni fa eponj ɗin nan na aza soson wanka ne mai yaɗo bisa darni 😂

Mushen SVT: A'a ƙanena, wancan tsiro ne dangin kabewa. Na teku dabba ce, amma ba baki ba ciki ba jijiya, manne take da dutse. Jikin duk ƴan ƙofofi, ciki akwai ƙwayoyin halitta masu ƴar bulala da ke kaɗa ruwa, ruwan ya shiga ta ƙananan ƙofofi ya fita ta babba, abinci ya tsaya. Hajiya in kin ɗauki soson gida don kwatance to ki gaya mata kwatance ne kawai, kar ta rubuta min tsiro ran jarrabawa.

Majo mai ritaya: Ni tsutsotsin nan ba a kaye na san su ba. Masu faɗi kamar tsila, wadda naman shanu da bai dahu ba ke kawowa, ko hanji ba ta da shi, ta fata take tsotsar abincin mutum. Ta tsargiya ma danginsu ce, tana girma cikin dodon koɗi na tabki sannan ta huda fatar mai wanka, yaro ya dinga fitsarin jini. Masu kama da zare kuma ga kurkunu, a sha ruwan tabki bana sai baɗi ta fito a ƙafa, wata ta kai mita 1, da ɗan tsinke muke naɗe ta kaɗan-kaɗan kwana da kwanaki. Tun 2013 OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta tabbatar babu ita a Nijar, yaran yanzu sai dai labari. Hajiya ki kai yarinyar gun wani tsoho ya gwada mata tabon ƙafarshi, ya fi shafi goma.

Ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo: Inna, medus kam sai bidiyo, a YouTube ki rubuta da Faransanci. Ta lura da abu biyu: ƙofa guda gare ta, nan abinci ke shiga nan kashi ke fita, sai igiyoyin da ke da ƙwayoyin harbi. Kimanin kashi 95 cikin 100 na jikinta ruwa ne. Medus na da ƴar uwa a ruwan daɗi, idira, ƴar mitsitsiya manne da ciyawar tabki, wadda masanin halittu Abraham Trembley ya wallafa a 1744 cewa in anka yanka ta kowane yanki na komawa cikakkiya. A ɗebo ciyawar tabkin Madarumfa a bokiti, wataƙila a dace.

Majo mai ritaya: A ɗebo da guga ɗana, kar kowa ya sa ƙafa. Yanzu na gama zancen tsargiya fa.

Ɗan Tibiri: Ashe shi ya sa muna yara muke yanka tana biyu mu ce ta zama biyu

Mushen SVT: Tana ba idira ba ce. Ɓangaren kai kan iya tsiro da sabuwar wutsiya, ɗayan galibi mutuwa yake, kun dai kashe bayin Allah a banza.

Uwar ƴan biyu, Zariya: Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Kwalbar mayonez gare ni, ta isa? Kuma wa zai kamo tanar, yarinyar nan ko gwano ta gani sai ta hau bisa gado.