Masu fama da borin jinin da ya ƙi tafiya, me likitan fata ya yi muku?

Maman Sadiƙ, Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Borin jini ya sa ni gaba tun ƙarshen damina. Da daddare jiki ya yi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi, kafin hantsi ya baje, gobe ya fito wani wurin. Yanzu an tura ni wajen likitan fata. Waɗanda suka riga ni zuwa, don Allah me ake yi a can?

Hajiya Balki, Birnin Kebbi:
Wa'alaikumus salam, sannu 'yar uwa. Ki tafi da hotunansa a wayarki, domin ranar ganin likita sai ki ga fatar sumul. Ni tambaya aka fi yi mini, ba gwaji ba. Ya ce duk wanda ya wuce sati 6 yana zuwa yana komawa, ya zama mai daɗewa, kuma kulawarsa daban ce. Ya sa na zagaye kumburi ɗaya da biro in ga ko zai kwana ya wuni. Na gaskiya ba ya wuce awa 24 a wuri guda, ba ya barin tabo. In ya wuce haka, yana zafi, yana barin baƙi, to ana zargin kumburin ƙananan jijiyoyin jini, sai an yanki 'yar fata an duba.

Gwajin da aka yi mini kaɗan ne: ƙidayar ƙwayoyin jini, alamar kumburi a jini, na maƙoƙo, sai bayan gida saboda tsutsar ciki. Lokacin na bar kifi, ƙwai, gyaɗa, nono, har daddawa, duk na rame. Ya ce in koma cin abincina, domin a irin wannan da wuya abinci ne sila. Wasu ƙwayoyin halitta ne a cikin fata ke zubo sinadarin histamin mai jawo ƙaiƙayi da kumburi, sau da yawa garkuwar jikin mutum ce ke tsokanarsu. Ya ɗora ni kan cetirizine, maganin da ke tare aikin histamin, mai miligiram 10 kullum, har ranar da ba komai a jikina. Wannan ɗin ki riƙe shi da kyau, don shi ya canza mini rayuwa. Da bai isa ba ya ƙara yawansa, ya ce ana iya kaiwa ninki 4, amma da umarnin likita.

Abu Fatima, Argungu:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni abin da ya fi cutar da ni a wanga ciwo allurar kemis ce. Ana yi mini dexamethasone, a haɗo ni da prednisolone, nan take jiki ya lafa, kwana kaɗan ya dawo da ƙarfinsa. A hankali fuskata ta cika, mutane na cewa na samu hutu, ashe suga ne ke hawa tare da hawan jini. Likitan ya ce irin waɗannan ba a wuce kwana 10 da su, shi ma sai abu ya yi tsanani. Bai bari na daina rana ɗaya ba, a hankali ya riƙa ragewa, domin yankewa farat ɗaya haɗari ne ga wanda ya daɗe a kansu. Har yau ina baƙin cikin yadda ake miƙa wa mutane maganin nan ba tare da an gaya musu komai ba.

Malam Nasiru, Ƙauran Namoda:
Direba ne ni, Piriton barci yake sa ni a kan sitiyari. Aka canza mini zuwa loratadine. Kuma an gano diclofenac da nake sha don ciwon baya na tayar da shi, haka ibuprofen da aspirin. Paracetamol nake sha yanzu.

Ummi, Jega:
Nawa na sanyi ne, da hunturu in na yi alwala da ruwan randa hannuwana su kumbura. An ɗora mini ƙanƙara a leda a kan hannu na minti 5, da wurin ya ɗumama sai ga kumburin daidai inda ta zauna. An hana ni shiga gulbi, don in ruwan sanyi ya game jiki duka mutum na iya suma.

Anti Rabi, Talata Mafara:
Ni har leɓe da fatar ido ke kumbura, sai su kwana biyu ko uku. Maman Sadiƙ, in harshe ko maƙogwaro ya kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, sai sashen gaggawa, ba a jiran safiya. Ƙwayoyi irin su cetirizine ba su isar mini ba ko da aka ninka. An yi mini maganar allurar omalizumab, miligiram 300 duk sati 4, amma kuɗinta ya fi ƙarfina, samunta ma aiki ne. Ciclosporin, maganin rage ƙarfin garkuwar jiki, nake sha yanzu, ana auna hawan jinina da ƙoda a kai a kai. Ina kuma cike takardar da likita ya ba ni, kullum in rubuta yawan kumburi da tsananin ƙaiƙayi, makin sati daga 0 zuwa 42. Da ita yake duba ko a ƙara ko a rage.

Maman Ilham, Yawuri:
Masu juna biyu da masu shayarwa ku faɗa wa likita tun farko. Ni loratadine ya bar mini har na haihu, lafiya lau.