Yaya ake rubuta adireshi a kan kati mai hoto, a aika ta gidan waya?

Ɗan Agege: Salamu alaikum. Na sayi kati mai hoton gadar Third Mainland, ina so in aika wa kawuna a Kano, wani katin kuma Yamai. Ina ake sa adireshi? Sai da ambulan?

Malam na Obalende: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba ruwansa da ambulan. Juya bayan katin za ka ga layi ya raba shi biyu: hagu na saƙo, dama na adireshi, kan sarki kuma a kusurwar sama ta dama. Fara da sunan kawu cikakke, sai lambar gida da titi, unguwa, gari da lambar yanki, jiha a ƙarshe. Lambar yanki ta NIPOST, hukumar gidan waya ta Najeriya, alƙaluma shida ce. Ta babban gidan wayar Kano 700001. In gidan na cikin lungu ne ba lamba, kada ka rubuta "kusa da masallaci", katin zai kwana a gidan waya. Nemi wanda yake da akwati ko jakar gidan waya (P.O. Box ko P.M.B.), ka sa c/o, wato "ta hannun", kafin sunansa.

Hajiya ta Idi-Araba: Ɗana, yi amfani da biro, da manyan baƙaƙe. Tawada mai ruwa ba ta kama takarda mai sheƙi, ga damshin Legas, yatsa ɗaya ya goga shi ke nan lamba ta dame. Kada gaisuwa ta tsallaka layin nan ta shiga gefen adireshi. Kuma katin a buɗe yake tafiya, kowa na iya karantawa, don haka ban da lambar asusun banki ko maganar gida.

Alhaji Mile 12: Na Yamai daban ne. Can akwatin gidan waya aka fi dogara da shi, B.P. suke rubutawa, to ka karɓi lambar daga mai karɓa. Layin ƙarshe NIGER kawai, da manyan baƙaƙe, a rubuta fes kada mai rarraba wasiƙu ya ɗauka jihar Neja ce. Shi ya sa wasu ke sa REPUBLIQUE DU NIGER. Kuɗin ƙasar waje ya fi na gida, kuma yana canzawa, sai ka je kantar gidan waya a Marina ko Ikeja su faɗa maka kan sarkin nawa ya isa. Miƙa a hannu, ka tsaya a buga hatimi a gabanka. In kana son rasit mai lambar bibiya, sa shi a ambulan ka yi rajista.