Neman shawara: ziyarar gonakin inabi na kusa da Cape Town ga wanda ba ya shan giya

Baban Halifa:

Assalamu alaikum, 'yan uwa na wannan zaure. Ina neman shawararku, musamman waɗanda suke zaune a Afirka ta Kudu ko suka taɓa zuwa can. Ni malamin aikin gona ne, kuma an gayyace ni taron masana da za a yi a birnin Cape Town a watan Fabrairu mai zuwa. A jadawalin da aka aiko mana an ware yini guda da za a kwashi mahalarta a mota zuwa gonakin inabi na Stellenbosch da Franschhoek, inda za a zagaya gona, a ɗanɗana giya, sannan a ci abincin rana. Ni Musulmi ne, giya ba ta taɓa shiga bakina ba, kuma ba a ƙasar mutane zan fara ba. Sai dai ina da sha'awar ganin gonakin, domin manomanmu na wajen Kudan da Zariya sun shiga noman inabi, kuma suna yi mini tambayoyin da a littafi kaɗai na san amsarsu. Shin in bi ayarin, ko in zauna a masauki? Idan na je, akwai abin da mutum irina zai gani ban da kwalabe? Yaya kuma batun abinci da salla?

Injiniya mazaunin Cape:

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya kawo ka lafiya. Bari in fara da nisa, domin shi zai nuna maka cewa ba lallai ne ka jingina da motar taro ba. Daga tsakiyar birni zuwa Stellenbosch kimanin kilomita 50 ne, zuwa Paarl kimanin 60 ta babban titin N1, Franschhoek kuwa ya ɗan fi su nisa, wajen 75. Constantia ma, wani yankin gonakin inabi, a cikin birnin take, a bayan Dutsen Tebur, tafiyar da ba ta kai ta rabin awa ba idan babu cunkoso.

Abin da mutanenmu ba su cika sani ba shi ne, manyan gonakin nan sun daɗe da zama wuraren shaƙatawar iyali, ɗakin ɗanɗana giya kuwa gini ɗaya ne a cikin gine-gine da yawa. A Babylonstoren, wadda ke tsakanin Paarl da Franschhoek, akwai lambu mai faɗin sama da hekta 3 da aka shuka wa ɗaruruwan ire-iren itatuwa da kayan marmari da ganyaye, ga ƙananan magudanan ruwa suna ratsa shi, ga agwagi da ake saki su tsince dodon koɗi daga cikin shuka. Malamin gona zai iya yini a nan bai ga kwalba ba sai in shi ya je nemanta. A Fairview da ke Paarl ana yin cuku da nonon awaki, akwai ma wata hasumiya da awakin ke hawa. A Vergelegen da ke Somerset West akwai bishiyoyin kafur da aka dasa tun farkon shekarun 1700, suna nan tsaye har yau. Garin Stellenbosch shi kansa, wanda Gwamna Simon van der Stel ya kafa a 1679, ya cancanci a taka shi da ƙafa, musamman titin Dorp mai fararen gidaje irin ginin Turawan Holan. Kuma a kan hanyar Paarl zuwa Franschhoek za ka wuce ƙofar gidan yarin da aka saki Nelson Mandela ranar 11 ga Fabrairu, 1990, wanda a da ake kira Victor Verster, akwai mutum-mutuminsa a bakin ƙofar.

Idan za ka ɗauki hayar mota, ka tuna cewa a hannun hagu ake tuƙi. Ni dai na fi ba baƙo shawarar ya ɗauki direba na yini.

Malam Babba:

Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin ka tafi. Ya kamata a raba mas'alar gida biyu. Kallon itacen inabi da koyon yadda ake renonsa ba laifi ba ne, inabi halittar Allah ce da Alƙur'ani ya ambata a cikin ni'imomi. Inda matsalar take shi ne zama. Tirmizi ya ruwaito hadisin da ya hana mai imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma abin da aka rubuta maka a jadawali, wato ɗanɗano da abincin rana, shi ne ainihin wannan teburin. Saboda haka ko da ruwa za ka sha, kada ka zauna. Haka nan kada wani abokin aiki ya ce ka riƙe masa kwalin giya ko ka taya shi sa shi a mota, domin wani hadisin ya ambaci mai ɗaukar giya a cikin mutum goma da aka la'anta a kanta. Shawarata ita ce ka rubuta wa masu shirya taron tun yanzu, cikin ladabi, ka gaya musu abin da za ka halarta da abin da ba za ka halarta ba. Faɗi tun da wuri ya fi ka miƙe a tsakiyar jama'a kana neman uzuri.

Ɗan Filato:

Malam Baban Halifa, ni Kirista ne kuma na taɓa zama a irin wannan ɗanɗano, don haka bari in kwatanta maka yadda yake, ka san abin da kake yanke hukunci a kai. Ana zaunar da ku a dogon tebur, a jera wa kowa kofunan gilashi masu dogon wuya, huɗu ko biyar. Ma'aikaci ya zo da kwalba ya zuba ɗan kaɗan a gindin kofi, ya yi bayanin irin inabin da gangaren da aka nome shi da watannin da ya yi a gangar katako, mutane su juya kofin, su sunsuna, su kurɓa. A tsakiyar tebur akwai wani ɗan bokiti da ake tofarwa a ciki ko a juye ragowa. Duka abin ba ya wuce awa guda. Babu mai tilasta wa kowa, kuma ma'aikatan sun saba da baƙin da ba sa sha, domin kusan kowane ayari akwai direba ko mai juna biyu ko Musulmi, sai a kawo musu ruwan inabi marar bugarwa ko shayin rooibos, wani ganyen shayi na ƙasar.

Na ga Malam Babba ya ce kada ka zauna, wannan tsakaninka da addininka ne, kuma ina girmama shi. Abin da zan ƙara shi ne, idan an ce za a shiga ɗakin da ake tsima giyar, ka sani cewa Fabrairu tsakiyar kaka ne, warin tsami zai tare ka tun daga bakin ƙofa, ya kuma kama tufafi. Sannan ka tambayi gona nawa za a tsaya. Idan uku ne ko huɗu, to zuwa la'asar wasu abokan tafiyarka za su fara surutun da ba su yi da safe ba, kuma da su za ka dawo a mota ɗaya.

Hajiya Maman Ummi:

Malam, ni kan abinci zan tsaya, domin a nan ake yin sakaci. Gidajen abincin da ke cikin gonakin nan suna dafa nama da giya, suna sa ta a miya har da kayan zaƙi, kuma farantin cuku da ake kawowa yakan zo da yankakken naman alade a gefe. Kada ka dogara da cewa kifi ka ce a ba ka, ka tambayi da me aka dafa shi. Mafi kwanciyar hankali shi ne ka yi guzuri daga birni. Cape Town gari ne mai Musulmi da yawa, kuma za ka ga takardar shaidar halal ta MJC ko ta SANHA, hukumomin Musulmi masu tantance abinci, a manne a bangon shaguna. Batun salla kuwa, akwai masallaci a cikin garin Stellenbosch, akwai kuma a Paarl, amma a gona sai dai ka shimfiɗa dardumarka a kan ciyawa, ka tafi da ita da 'yar buta.

Akwai wani abu da nake so ka gani. A Constantia, daidai bakin gonar Klein Constantia, akwai hubbaren Shehu Abdurrahman Matebe Shah, ɗaya daga cikin manyan Musulmin da Turawan Holan suka koro daga Sumatra a shekarun 1660. Ɗan ƙaramin gini ne a gefen rafi, a ƙarƙashin bishiyoyi, kurangar inabi ta kewaye shi. A Macassar kuma, kusa da titin N2 idan za ka Somerset West, akwai hubbaren Shehu Yusuf, wanda aka kawo gudun dole a 1694 ya rasu a 1699. Musuluncin wannan yanki tare da gonakin nan ya girma, a hannun korarru da bayi.

Alhaji Kawu:

Ku yi mini haƙuri, ni ban ga dalilin zuwa ba ko kaɗan. Kuɗin shiga lambun da Injiniya yake yabo aljihu ɗaya yake shiga da kuɗin giyar. Kuma tun da Hajiya ta ambaci bayi, bari in ƙarasa zancen. Tun daga 1659 da aka fara matse inabi a Cape, bayin da aka kwaso daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indunusiya ne suka yi aikin, har zuwa 1834 da aka soke bauta. Bayan nan sai aka ci gaba da biyan leburorin gona wani ɓangare na ladansu da giya, tsarin da suke kira dop, ana ba mutum gwangwani da safe, a ƙara masa da rana, a sallame shi da wani da yamma. An hana shi a doka tun shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har zuwa shekarun 1990, kuma yankin yana cikin wuraren da aka fi samun jariran da shaye-shayen uwa ya naƙasa tun suna ciki. Fararen gidajen nan da ake ɗaukar hoto a gabansu, wannan ne tushensu.

Injiniya mazaunin Cape:

Alhaji, tarihin da ka kawo gaskiya ne, ba mai musunsa. Amma ina ganin hujja ce ta zuwa da ido buɗe. A Groot Constantia, wadda aka kafa a 1685, hukumar gidajen tarihi ta Iziko tana da baje koli a kan rayuwar bayin gonar. Kuma wanda ya bi ta mashigar Helshoogte daga Stellenbosch zuwa Franschhoek zai ratsa ƙauyen Pniel, wanda aka kafa a 1843 domin 'yantattun bayi, jikokinsu ne a ciki har yau. Maganar kuɗin shiga dai na bar wa malamai.

Baban Halifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan rubuta wa masu taron kamar yadda Malam Babba ya ce, kuma hankalina ya fi karkata ga in ɗauki direba ni da wani abokin aiki. Saura tambayata ta asali: me zan koyo da zai amfani manomin Kudan?

Dokta mai lambu:

Malam, tun da abokin sana'a ne kai, zan gaya maka kai tsaye cewa gonar giya ba ita ce makarantar da kake nema ba. Inabin giya, irin su Chenin blanc da Pinotage (wannan na biyun Farfesa Perold ne ya haɗa shi a Stellenbosch a 1925), 'ya'yansa ƙanana ne, masu kaurin fata da ƙwallo, kuma da gangan ake ƙuntata masa ruwa don kada ya yi yabanya da yawa. Manominmu akasin haka yake nema, yana son nonon inabi babba mai manyan 'ya'ya da zai jure hanya zuwa kasuwar Kaduna ko Abuja. Inabin ci yana kwarin kogin Hex, wajen De Doorns, kimanin kilomita 140 a kan N1, inda ake ɗaga kuranga a kan rumfa, a rage 'ya'yan kowane nono da almakashi, a tattara a ɗakin sanyi don fitarwa waje. A Fabrairu ana cikin tsinka, saboda haka ka nemi izini kafin ka je, kada ka faɗa musu haka kawai.

Ka kuma lura da bambancin yanayi, don kada ka kwaso jadawalinsu ka kawo mana. Su ruwansu a lokacin sanyi yake sauka, daga Yuni zuwa Agusta, itacen ya zubar da ganye ya yi barci, a datse shi sau ɗaya, sannan ya nuna a cikin rani busasshe. Mu namu ba ya barci, kuma zafi da ruwa tare suke zuwa mana, abin da ke jawo cutar fumfuna a ganye, shi ya sa a ƙasashe masu zafi ake datsa sau biyu a shekara domin a kai nunar cikin rani. Abin da za ka iya ɗaukowa shi ne ban ruwa na ɗigo, da yadda suke shuka ciyawa tsakanin layuka don riƙe ƙasa, da kuma auren itace. Tun da ƙwaron filoksera mai cin saiwa ya shiga Cape a 1886 ya hallaka gonaki, suke aura irin da suke so a kan gindin inabin Amurka, kuma wasu daga cikin gindayen, kamar Ramsey, suna jure tsutsar saiwa da ke damun ƙasa mai yashi irin tamu. Waɗanda za su yi maka wannan bayani suna cibiyar bincike ta Nietvoorbij da kwalejin gona ta Elsenburg, dukansu a wajen Stellenbosch, kuma wasiƙa daga jami'arka za ta buɗe maka ƙofa.

Idan wani ya yi maka kyautar reshe, ka yi godiya ka bar masa abinsa. Gonakin Cape suna fama da cutar naɗewar ganye, wadda ba a ganinta a jikin reshen da aka yanko, kuma shigo da irin shuka Najeriya sai da izinin hukumar killace kayan gona, wanda ake nema tun kafin a tashi.