Na raba shirina gida uku, yanzu gcc yana cewa "undefined reference"

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, ina neman taimako. Ina da wani shiri na C da ya yi tsawo, sai na raba shi: main.c, lissafi.c da lissafi.h. Fankshin ɗin jimla() yana cikin lissafi.c, na kuma sa #include "lissafi.h" a saman main.c. Amma da na buga `gcc main.c -o shiri` sai ya ce min "undefined reference to `jimla'", a ƙasa kuma "collect2: error: ld returned 1 exit status". Ga fankshin ɗin nan ina kallonsa da idona. Me ya hana shi ganinsa?

Wani ɗan uwa: Wa alaikumus salam. Ka sa #include "lissafi.c" a cikin main.c kawai, zai wuce.

Babban yaya a rukuni: Ƙanina, kada ka bi wannan. Zai wuce yau, amma ranar da fayil na biyu ya buƙaci jimla() ka sake yin haka, fankshin ɗin zai zama biyu, kuskure ya koma "multiple definition".

Duba saƙon da kyau, ld aka ambata. Wannan shi ne linka, mai haɗa sassan shiri su zama guda, ba kwamfaila mai fassara rubutunka zuwa harshen inji ba. Wato rubutunka ya wuce matakin fassara lafiya, a wurin haɗawa aka tsaya. Kwamfaila yana ɗaukar kowane fayil na .c shi kaɗai ya mayar da shi .o, bai san da sauran ba. Abin da ke cikin lissafi.h sanarwa ce kawai: akwai fankshin mai suna jimla, ga abin da yake karɓa, ga abin da yake mayarwa. Kwamfaila ya yarda, ya bar gurbi. Linka ne zai cike gurbin da ainihin jikin fankshin ɗin, kai kuwa main.c kaɗai ka miƙa masa. gcc ba ya zuwa neman lissafi.c da kansa don ya ga lissafi.h, kamar sunan ba ta nufin komai a wurinsa. Buga wannan:

`gcc main.c lissafi.c -o shiri`

Ko ka bi mataki-mataki, wanda shi na fi so ga mai koyo domin yana nuna inda abu ya lalace: `gcc -c main.c`, sai `gcc -c lissafi.c`, sannan `gcc main.o lissafi.o -o shiri`.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, yaya, jimla ta wuce. Amma wasu biyu sun fito: "multiple definition of `adadi'" da "undefined reference to `sqrt'". Shi adadi na rubuta `int adadi;` a lissafi.h, kuma akwai #ifndef a fayil ɗin. Abin mamaki, irin wannan rubutun yana tafiya a tsohuwar kwamfutar abokina.

Wata 'yar uwa: Malam, #ifndef ba ya maganin wannan. Aikinsa ya hana a shigo da .h sau biyu cikin fayil ɗaya na .c. Kai kuma fayiloli biyu ne kowanne ya shigo da shi sau ɗaya, don haka main.o yana da adadi nasa, lissafi.o ma yana da nasa, linka ya rasa wanne zai ɗauka. A lissafi.h ka rubuta `extern int adadi;`, wato sanarwa kawai cewa adadi yana wani fayil, a lissafi.c kaɗai ka rubuta `int adadi = 0;`.

Batun kwamfutar abokinka kuwa, mai yiwuwa tsohon GCC ne a kanta. Kafin GCC 10 da ya fito a 2020, ana haɗe irin wannan `int adadi;` marar ƙima su zama guda ba tare da ƙorafi ba. Daga 10 aka mayar da -fno-common, zaɓin da ke hana wannan haɗewar, tsarin asali. Za ka ga masu cewa ka ƙara -fcommon, kuma yana aiki, amma ni a ganina wannan na tsofaffin shirye-shirye ne da ba a son taɓawa. Naka sabo ne, gyara shi.

Wani mamba: Na sqrt mai sauƙi ne. math.h ma sanarwa ce, jikin yana laburaren libm. Ƙara -lm, kuma a ƙarshe: `gcc main.c lissafi.c -o shiri -lm`. Linka daga hagu yake bi zuwa dama, idan laburare ya riga fayil ɗin da ke buƙatarsa yana iya tsallake shi.

Babban yaya a rukuni: Ƙari ɗaya, ka saba da nm, umarnin da ke jera sunayen da ke cikin fayil na .o. Idan ka buga `nm main.o` za ka ga U a gaban jimla, ma'ana ana nema. A `nm lissafi.o` ya kamata ka ga T babba, ma'ana ga shi nan. In ƙaramin t ka gani, to ka sa static a gaban fankshin ɗin, kuma static yana ɓoye shi daga sauran fayiloli. In wata rana ka kira wannan lissafi.c daga C++, sai ka kewaye sanarwar da extern "C", domin g++, kwamfailan C++, yana sauya sunayen fankshin.

Mai tambaya: Ya tafi, na gode ƙwarai. Yanzu dole sai na riƙa jera fayilolin nan da hannu kowane lokaci?

Wata 'yar uwa: A'a, aikin make ke nan. Rubuta Makefile, fayil ɗin dokokin da umarnin make yake bi, kowane .o da dokarsa, make zai sake fassara wanda ya canja kaɗai. Ka sa lissafi.h cikin abin da main.o da lissafi.o suka dogara a kai, kuma layin umarni da Tab yake farawa, in ka sa sarari zai ce maka "missing separator".