Musayar Waƙa: Ruwan Mirrihi da Ƙishin Damagaram

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Labarin motar da Amurka ta saukar a Mirrihi, jar duniyar nan, shi ya tayar mini da baitocin nan. Mai amsa ya amsa da waƙa.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai tada hadari, Mai shayarwa.

A 2021 an saukar da mota
Bisa Mirrihi, tana zagawa.

Perseverance, a kwarin Jezero,
Tsohon tafki ne da ya yi ƙafewa.

Tana huda dutse tana adanawa,
Ko an yi rai can take bincikawa.

Mu ko a Damagaram, Birni da Garin Malam,
Tun da asuba ake tasowa.

Mata da yara a layin famfo,
Jarka a jere, rana na gasawa.

Dutse ne shimfiɗe ƙarƙashinmu,
Rijiya ba ta saurin kawowa.

Mu ne babban birnin ƙasa a da,
A 1926 aka yi ɗaukewa.

Rashin ruwa na cikin dalilai,
Yamai ta samu, muka yi rasawa.

An je neman ruwan da ya ƙafe a sama,
Namu na sha fa, wa ke nemowa?

'Yar Mirriya:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ban musa ƙishin ba, amma ga tawa.

Yaya Ɗan Birni, na ji kukanka,
Ƙishin garinmu batu ne na gaskiya.

Sai dai idon da aka harba sama
Yakan juyo ya kalli duniya.

Tauraron ɗan adam Landsat na can tun 1972,
Yana ɗaukar hoton gona da fadama da hanya.

Tafkin Chadi a 1963
Murabba'in kilomita 25,000 ne, ka jiya.

Da fari ya zo, sai ga shi a hoto,
Cikin kashi goma ya koma ɗaya.

Kuma hoton sama ne ya yi mana shaida
A Matamai, Mirriya da Magariya.

Bayan yunwar 1984
Iyayenmu suka canja dabara gaba ɗaya.

Sassabin zamani: ka bar tohon kututture,
Ka rage rassa, ka bar mai lafiya.

Gawo ya tashi cikin gonaki,
Da damina ganye yake zubarwa, ya ba gero hanya.

Da rani ya yi inuwa, ya zub da 'ya'ya,
Abincin tunkiya da saniya da akuya.

Hekta miliyan 5, Maraɗi da Damagaram,
Itace miliyan 200, an ƙirga, ba ƙarya.

Manomi ya yi aikin da hannunsa,
Tauraron ɗan adam ya sanar da duniya.

Malam na Zango:
Madalla da ke, 'yata. Ni dai tun ina yaro nake ganin Zara matar wata da almuru, ban san abin da ke cikinta ba sai da masana suka aika na'ura. Abin ya tsorata ni, ku saurara.

Ku dubi Zara da hasken nan nata,
Girmanta kusan na duniya, 'yar'uwa tata,
Amma iskar kabon ta lulluɓe ta,
Zafin da ya shiga ba ya samun fita,
Digiri 460, darma ma narkewa take a kanta.

Tamu iskar ma awonta ake yi kullum,
Kabon 280 ne cikin miliyan kafin injuna su kankama,
Yau ya haura 420, bai tsaya ba sam,
Afirka ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin ba,
Amma zafin a kanmu yake sauka, mu da dabba.

Wata shekara fari, wata shekara ambaliya,
Satumban 2024 ba ma mantawa, 'ya'ya,
Tsohon masallacin Birni na ƙasa, abin alfaharin zuriya,
Tun ƙarni na 19 yake tsaye lafiya,
Ruwan sama ya kwantar da shi a rana ɗaya.

Na yi salla a masallacin nan tun ƙuruciya. Ba zan iya ƙara baiti a kansa ba.

Ɗan Gure:
Allah ya ba da haƙuri, Baba. Mu nan rairayi ne ke bin mu.

Tudun rairayi na tafiya a Gure,
Yana cin kwari, dabino na nutsewa.

Muna kafa shingen rassa mu tare shi,
Mu dasa itace kafin iska ta yi tasowa.

Ƙurar hunturu da ke rufe mana rana,
Daga Bodele ta Chadi take fitowa.

Gindin tsohon tafki ne ya bushe,
Ta haye Atilantika tana shawagi ba tsayawa.

Dajin Amazon can take sauka,
Ta zama taki, daga sama aka yi ganowa.

Ɗan Birni:
Ƙanwata, na karɓi zancen gawo. Baba, Allah ya ƙara girma. Amma akwai abin da ke ci mini rai har yanzu.

A 2023 a jihar Agadas
An tsinci dutse cikin hamada.

Daga Mirrihi ya faɗo mana,
Kusan kilo 25, masana sun shaida.

Babu irinsa a girma duk duniya,
Sai ga shi a New York ana ta shela da talla.

Yulin 2025 aka buga gwanjo,
Dala miliyan 5 da ɗoriya aka sayar, an shaida.

Ɗan makarantar Nijar bai gan shi ba,
Ta wace hanya ya fita? Wa zai faɗa?

'Yar Mirriya:
Nan kam bakinmu ɗaya, Yaya.

Gwamnati ta ce a buɗe bincike,
Muna jira mu ji inda ya tsaya.

In da hali a dawo da dutsen,
Gidan tarihi na Bubu Hama ya yi masa ajiya.

Ɗaliban jami'ar André Salifou
Su je su auna shi da hannunsu, mata da maza gaba ɗaya.

Su karanci hoton sama da kansu,
Su nuna mana inda za a haƙa rijiya.

Inna ta Matamai ba ta ce komai ba tukuna. Inna, ke ce mai gawo a gona, muna sauraren taki.